Aiken Goro

A marinar Ƙofar Mata, in aka ce wane yana da hannu, ba tsoma yadi ake nufi ba. Tsomawa kowa ma zai iya in ya yarda farcensa ya yi baƙi. Haɗa rami ake nufi: a zuba ruwa, a sa toka, a jiƙa baba, ganyen da ke ba da shuɗi, a dama, sannan a zauna jiran ranar da zai tashi ya yi kumfa. Ramin wasu sai ya ci sati uku, wani har huɗu. Na Malam Jafaru kwana tara ne, in ya makara goma. Shekara arba'in ana kallon haka, har abokan sana'a suka gaji da tambaya suka ce baiwa ce.

Ba baiwa ba ce, ƙwarya guda ce ta laka. Daga gindin tsohon ramin da ke da rai ake yaso ta, a zuba a sabon bayan an gama dama baba, sai tsohon rini ya ja sabon su tashi tare. Jafaru ma ba koya masa aka yi ba. Maigidansa, marigayi Malam Abdulmuttalib, duk sanda aka zo wannan gaɓa sai ya aike shi sayen goro bakin ƙofa. Wata rana takalminsa ya tsinke tun bai yi nisa ba, ya juyo, ya hango tsohon a durƙushe da ƙwarya a hannu yana waige-waige. Ya laɓe a bayan katanga ya ga komai. Har tsohon ya koma ga Allah bai san an gani ba.

To, da Jafaru ya zama maigida, shi ma aiken goron ya ɗauka. Mustapha, Babarbaren da ke aiki a ƙarƙashinsa, shekara goma sha tara yana zuwa teburin Ilu mai goro duk ranar haɗa rami. Ya fara yana saurayi, har ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, furfura ta fito masa a gemu, bai fasa ba. Sau ɗaya ya taɓa tambaya, a shekararsa ta biyu, me ya sa sai a wannan lokacin ake buƙatar goro. Jafaru ya ce masa rami ba ya son ido a wannan gaɓar, shi kansa juya masa baya yake yi har rabin sa'a. Mustapha ya gyaɗa kai. Irin mutanen nan ne da in maigida ya faɗi magana, ta zauna kenan.

Ana nan sai Hajiya Bahijja ta zo. Tana da wurin ɗinki a Dukawuya, wani babban gida da ta mayar ma'aikata, inda ake yin labule da rigar filo da jakunkuna, tana sayarwa ta waya har ƙasashen waje. Ma'aikatanta goma sha huɗu, yawancinsu mata, wasu da difloma. Ta ce ta gaji da aiko yadi marina tana jiran layi. So take a horar da ma'aikatanta su riƙa rini da kansu, a rubuta komai a takarda, yadda in wata ta yi aure ta tafi, wadda ta zo bayanta za ta ɗora. Jafaru ta fara yi wa tayin. Ya tambaya a ina za a haƙa ramukan, ta ce ai duro-duro na roba ta sayo guda shida. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce shi bai tsufan da zai koma koyar da rini a mazubin ruwan wanka ba.

Sai ta juya kan Mustapha. Albashi duk wata, da katin asibiti na shi da iyalinsa, da suna: shugaban horaswa. Mustapha bai amsa ba sai da ya nemi izini, Jafaru kuwa ya ba shi da baki ɗaya, har da addu'a. Ranar da zai bar marina, ya wanke muciyar dama, ya jingine ta inda take zama, ya zo ya tsugunna.

"Maigida, na ce wa Hajiya kwana goma rini zai tashi, yadda muka saba. Akwai abin da ya rage ban sani ba?"

Jafaru yana ɗaure da wani yadi a hannu, bai ɗago ba.

"Babu. Sai dai abin da kan Babarbare ya zubar a hanya."

Mustapha ya yi dariya, ya ce ai Bafulatanin da ya bar shanu ya kama rini ba shi da bakin yi wa wani gori. Wasan da suka saba kenan, na Fulani da Barebari. Suka yi musabaha ya tafi.

Kalmar nan "babu" ƙarama ce, amma tun daga ranar ta zauna wa Jafaru a ƙirji kamar ya haɗiyi ƙwallon goruba. Ya riƙa kawo wa kansa hujjoji, kuma hujjojin ba na banza ba ne. Shi wa ya koya masa? In ya faɗa, gobe za a manna a bango, jibi wata yarinya ta ɗauka a waya ta watsa, gata duk Kano kowa ya zama mai kwana tara, shi kuma ya zama wani tsoho kawai mai baƙin hannu. Ya ga abin da ya sami Malam Nu'uman mai bugun yadi, wanda ya koya wa ma'aikatansa komai, suka buɗe nasu wurin a gabansa suka kwashe masa mutane. Kuma ai rinin zai tashi ko ba lakar, in an yi haƙuri sati uku ko huɗu. Sai dai duk sanda ya kai nan a lissafinsa, sai ya tuna ba sati huɗu Mustapha ya yi alkawari ba.

Kwana goma suka cika. Ranar sha ɗaya Jafaru ya tsaya a teburin Ilu, wanda tare suka tsufa a bakin ƙofar nan.

"Ina ɗan aikenka?" in ji Ilu, yana yayyafa wa goro ruwa. "Tunda ya tafi na gane ashe ba ka cin goro. Shekara goma sha tara ina ajiye maka fari mai kyau, ashe ramin nake ciyarwa."

Jafaru ya ce haƙora ne suka yi rauni. Ilu ya dube shi ta gefen ido, ya ce shi dai ya san maigidan Jafaru ma ranar haɗa rami kaɗai sha'awar goro ke kama shi, kuma mahaifinsa da ya bar masa teburin nan ya taɓa cewa marina su ne mutanen da suka fi kowa sayen abin da ba sa ci. Jafaru ya sayi guda biyu don ya rufe masa baki, ya jefa a aljihu.

Da ya koma gida a unguwar Madabo bayan la'asar, ya tarar da matarsa Dije tana kwashe kofuna. Ta ce yanzu Fanna, matar Mustapha, ta fita. Ba ƙara ta kawo ba, addu'a ta zo nema. Wai rinin ko motsi bai yi ba, ruwa ne kawai mai warin toka. Matan wurin sun sa wa mijinta suna Malam Gobe, don kullum in sun tambaya sai ya ce gobe in Allah ya yarda. Ya daina cin abincin kirki. Yana cewa ashe duk shekarun nan albarkar Maigida yake ci, shi hannunsa babu komai. Har ya fara tunanin ko wani laifi ya yi wa Allah. Ga shi an riga an yi wa ƙaramar 'yarsu mai ciwon sikila rajista da katin asibitin.

Dije ta gama, ta ajiye masa tuwo, ta tsaya.

"Malam, ka ce a'a mana. Ka ce hannunsa lafiya lau."

"Lafiya lau," in ji Jafaru.

"To me ya hana?"

Ya ce ruwan famfo ne wataƙila, ko robar. Ta dube shi irin kallon macen da ta yi shekara talatin da shida tana jin yadda muryar mutum ke sauyawa in ya kauce hanya. Ta ɗauke miyar da ta san ba zai sha ba ta rufe.

Kashegari Hajiya Bahijja ta kira shi. Mace ce da ba ta zagaye-zagaye. Ta ce nan da kwana goma sha biyu masu sayen kayanta za su zo daga Legas su ga wurin, kuma ranar za a ba ma'aikatan satifiket na kammala horo. Ba za ta nuna musu duro shida na ruwan toka ba. Mustapha mutumin kirki ne, amma kirki ba ya rina yadi. In Malam Jafaru zai zo ya duba, to. In kuma zai karɓi aikin gaba ɗaya, ƙofa a buɗe take, Mustapha sai ya koma marina. Jafaru ya ce zai zo ya duba.

Da sassafe, kafin marina ta cika, ya durƙusa a bakin tsohon raminsa ya yaso laka ya cika bokitin fenti, ya rufe da murfi, ya sa a buhu. Dabara ta riga ta zo masa, kuma ya ji daɗinta. Zai je ya sa a sake haɗi, ya san yadda zai yi ya kore su na ɗan lokaci, ya zuba. Rini ya tashi, Mustapha ya tsira da aikinsa, ƙwarya ta tsira da asirinta, kowa ya kwana lafiya. A cikin adaidaita sahu ya rungume buhun a cinya, duk ramin da suka faɗa sai ya ji lakar tana motsi.

Wurin Hajiya ya fi yadda ya zata. Tsakar gida an yi mata rumfar kwano, duro shida a jere kamar ɗalibai, kowanne da lamba. Akwai ma'auni, akwai safar hannu, akwai wani allo fari. Mustapha ya taho da sauri ya karɓi buhun zai ajiye, Jafaru ya ce kayan wani ne, a bar shi nan kusa da shi. Mustapha ya rame, wuyansa ya fito. Matan suka gaishe shi suna leƙen hannunsa.

A jikin bango an manna wata takarda cikin leda. Jafaru bokonsa bai wuce karanta lambar waya ba, sai ya ce a karanto masa. Wata mai suna Husaina, wadda ita ce ta rubuta da Mustapha yana faɗa, ta matso ta fara. Na ɗaya, a kwana da ruwan a buɗe. Na biyu, tokar da za a sa da yadda ake tace ta. Na uku, yadda ake jiƙa baba. Har yadda ake ɗanɗana ruwan a kan harshe, har yawan juyin muciya, har gefen da ake farawa. Jafaru yana ji yana mamaki. Abubuwan da shi kansa bai san yana yi ba, mutumin nan ya gani ya riƙe. Shekara goma sha tara bai zubar da ko ɗaya ba.

"Na shida," in ji Husaina. "Bayan an gama dama baba, kowa ya fita ya bar wurin rabin sa'a. Kada a leƙa. Rini ba ya son ido a wannan gaɓar."

Wata daga baya ta yi ƙasa da murya ta ce su dai wannan ce darasin da suka fi ƙwarewa a kai, sauran suka ƙyalƙyale. Husaina ta ce ita ta tambaya mene ne dalilinsa a kimiyyance, Malam Mustapha ya ce bai sani ba, amma daga bakin maigidansa ya ji, kuma maigidansa bai taɓa gaya masa abin da ba haka ba.

Jafaru ya nemi kujera ya zauna. Ƙaryar da ya yi a tsaye, a cikin daƙiƙa ɗaya, don ya kashe tambayar wani saurayi, ga ta an buga da inji an sa mata leda, mutum goma sha huɗu sun haddace.

Ya ce a zubar da duro ɗaya a sake haɗawa a gabansa. Mustapha ya yi, matan suna miƙa masa kaya, Husaina tana ɗauka a waya. Babu inda ya kuskure. Da aka gama dama baba, tun kafin Jafaru ya nemi dabarar korar kowa, sai ya ga sun ajiye safar hannu sun nufi ƙofa da kansu, har Hajiya. Mustapha ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin zaure, ya juyo.

"Maigida, akwai mai tebur a bakin titi. In samo goron?"

"Je ka," in ji Jafaru. Bakinsa ne ya faɗa, don ya saba.

Tsakar gidan ta yi tsit. Ya jawo buhun, ya ɓalle murfin, warin tsohon rami ya bugo shi. Ko ƙwarya ba ya buƙata, ga kofin awo nan. Minti biyu ya ishe shi ya bi duro shidan. Ya ɗebo, ya miƙa hannu a kan na farko, sai ya tsaya. Wannan rinin zai yi wata shida ko takwas ya mutu, a zo sabon haɗi. Ranar Mustapha zai bi takardarsa tiryan-tiryan, ya fitar da mutane, ya jira, ya sake zama Malam Gobe. Sai dai in Jafaru zai riƙa zuwa da buhu a ɓoye har ƙarshen ransa, kuma shekararsa sittin da takwas. Ya tuna Malam Abdulmuttalib a durƙushe yana waige-waige. A lokacin dariya abin ya ba shi daga bayan katanga. Yanzu da ya waiga shi ma, ya ga babu kowa a bayan tasa katangar, don shi wanda ya samu ba mai laɓewa ba ne.

Ya mayar da lakar cikin bokiti. Ya je bakin zaure ya ce su dawo, dukansu, a kira Mustapha ma. Husaina ta duba waya ta ce saura minti ashirin da uku. Ya ce ya sani.

Mustapha ya shigo da goro a ƙunshe cikin ganye. Jafaru ya ɗaga bokitin ya ɗora a kan tebur inda kowa zai gani, ya ce wa Husaina ta kunna wayarta. Ya faɗi abin da ke ciki, da inda ake samo shi, da yawan da ake zubawa, da yadda za su riƙa ajiye na gindin duro ɗaya don su tayar da na gaba. Hajiya ta tambaya to na shidan fa, fitar da ake yi.

"Babu wani ido da rini yake gudu," in ji Jafaru. "Ni ne ba na son ido. Duk ranar da na aiki mutumin nan goro, wannan nake zubawa. Ya tambaye ni kafin ya taho ko akwai saura, na ce masa babu. Takardarsa daidai take, Hajiya. Abin da ya ɓata a ciki ni na sa shi, abin da babu a ciki ni na hana."

Wadda ta yi barkwanci ɗazu ta sunkuyar da kai. Jafaru ya so a ce Mustapha ya yi faɗa, ko ya jefar da goron, ko ya fita. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi ƙunshin da ke hannunsa, ya daɗe.

"Har da ranar da Fanna take naƙuda," in ji Mustapha a hankali. "Na ce ka bari in wuce gida, ka ce in fara kawo goron."



Mustapha ya ajiye ƙunshin a gefen tebur, ya naɗe hannun riga, ya karɓi kofin awo. Ya ce wa matan su matso kusa, kowa ta taɓa lakar ta shinshina, don su gane mai rai in sun gan ta. Shi ya zuba a duro shidan da hannunsa. Sannan ya ciro takardar daga leda, ya ba Husaina biro ya ce ta soke na shida ta rubuta sabo. Da Jafaru zai tafi, ya raka shi har titi, ya tsayar masa da adaidaita, ya ce a gaida Inna Dije. Bai yi wasan Barebari ba, Jafaru ma bai iya farawa ba.

Rinin ya tashi a kwana na tara. Jafaru a bakin Ilu ya ji, don Ilu ya riga kowa jin komai. Wai kumfa ta yi tozo a duro shidan, baƙin Legas sun tsoma hankici sun ga ya fito kore ya koma shuɗi a hannunsu, an raba satifiket, Hajiya ta tabbatar wa Mustapha aikinsa. Hoton bidiyon kuma ya zaga, har matasan marina suna nuna wa juna. Biyu daga cikin maƙwabtan ramin Jafaru sun riga sun gwada. Wani ma cewa ya yi ai shi dama ya sani.

"An bar maka saƙo," in ji Ilu. Ya jawo ƙunshi babba daga ƙarƙashin tebur, farin goro zaɓaɓɓe. "Jiya ya zo da kansa. Ya ce in ba ka."

Jafaru ya tambaya ko ya faɗi wani abu. Ilu ya ce babu, ya dai tsaya ya kalli wajen marina kaɗan, sannan ya hau babur ya tafi.

Jafaru ya karɓa ya wuce bakin raminsa ya zauna. Muciyar tana jingine inda Mustapha ya bar ta. Ya kwance ganyen, ya juya goron a tafin hannu, ya rasa ko godiya ce aka aiko masa ko tuni. Ya ɓara ɗaya ya sa a baki. Da ɗaci, kuma haƙoran da gaske sun yi rauni, amma ya zauna ya tauna shi har ya ƙare.